Kuɗin ruwa da na wuta: abin da ke hannun kansila da abin da ke hannun Yamai

Duk wanda ya taɓa zama kansila a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ya san irin ƙorafin da ke fara isa ƙofar gidansa. Takardar NIGELEC ce da ta zo da nauyi, ko fanfon da ya kwana uku bai ɗiga ba, ko ƴan ga-ruwa da suka ƙara dala biyu a kan bido da shigowar bazara. Amsar kansila kuwa kusan ɗaya ce a ko'ina: farashin nan ba majalisar gari ke yanka shi ba, daga Yamai yake zuwa. Sai mai ƙorafi ya koma gida yana ganin an zille masa ne kawai, tunda wannan mutumin shi ne ya zo neman ƙuri'a da alkawarin ruwa da wuta.

Tun ranar 4 ga Afrilu 2024, da shugaban majalisar CNSP, Janar Abdourahamane Tiani, ya rusa majalisun ƙananan hukumomi da na birane da na jihohi, ya naɗa kantomomi a madadin magadan gari, babu sauran zaɓaɓɓen kansila a kan kujera. Amma maganar ba ta mutu ba, domin kantoma ya gaji aljihu ɗaya da takardu ɗaya da ƙorafi ɗaya. Hujjojin da kansiloli suka shekara ashirin suna kare kansu da su sun cancanci a auna su ɗaya bayan ɗaya. Wasu gaskiya ne tsantsa, wasu rabin gaskiya ne, akwai kuma wurin da yawancinsu ba sa son a taɓo.

Takardar wuta

A kan wuta, kansila yana da gaskiya. NIGELEC kamfanin ƙasa ne tun kafa shi a 1968, kuma farashin kilowat ɗaya ne daga Gaya har Bilma. Hukumar ARSE, wadda aka kafa a ƙarshen 2015 don sa ido a kan harkar makamashi, ita ke nazarin abin da kamfanin ke kashewa ta ba da shawarar farashi, gwamnati kuma ta zartar a taron majalisar ministoci. Haka aka yi da ƙarin da ya fara aiki a farkon 2018, wanda shi ne na farko cikin sama da shekara 20. An bar rukuni mai rahusa ga ƙananan gidajen da ba sa wuce kilowat 50 a wata, aka ɗora nauyin a kan masu jan wuta da yawa. Babu majalisar gari ko ɗaya da aka nemi ƙuri'arta a kan wannan.

Ita kanta wutar, mafi yawanta ba a cikin ƙasa ake samar da ita ba. Kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya yake shigowa: layin Birnin Kebbi yana ciyar da Dosso da Yamai, layin Katsina zuwa Gazawa yana ciyar da Maraɗi da Damagaram. Da Najeriya ta katse layukan a farkon Agusta 2023 a ƙarƙashin takunkumin CEDEAO, kowa ya ga iyakar ikon magajin gari da idonsa. Masu ƙanƙara, masu walda, teloli da masu injin niƙa sun yi ta zaman jiran wuta, har aka ɗage takunkumin a ƙarshen Fabrairu 2024. Tashar Gorou Banda ta Yamai da gonar hasken rana ta Malbaza sun rage wani abu, madatsar Kandaji kuwa har yanzu ana jiranta. Duk waɗannan manyan ayyuka ne na gwamnatin tsakiya da masu ba ta bashi.

Sai dai wanda ya karanta takardar wutarsa a tsanake zai ga ba kuɗin kilowat kaɗai ke ciki ba. Akwai haraje-haraje da aka rataya mata, saboda ita ce takarda guda da mutanen birni ke biya ba tare da an bi su gida ba: wanda bai biya ba a cire masa waya. Dalilin da ya sa ke nan dokar kasafin kuɗin 2018 ta bi ta kan kwantar NIGELEC wajen karɓar sabon harajin zaman gida, dokar da ta fitar da ƙungiyoyin farar hula kan titi har aka kama jagororinsu irin su Moussa Tchangari, Ali Idrissa da Nouhou Arzika a watan Maris na shekarar. Majalisar dokoki ta ƙasa ce ta amince da wannan doka, ba ta gari ba.

A cikin waɗannan haraje-haraje akwai guda ɗaya da ya shafi gari kai tsaye, wato harajin musamman na lantarki, TSE, sefa 2 a kan kowane kilowat. Gidan da ya sha kilowat 100 a wata ya biya sefa 200 ke nan, dala arba'in. An ƙirƙiro shi ne don fitilun kan titi da jan waya zuwa sababbin unguwanni, daga baya aka ware wani kaso ga hukumar ANPER mai kai wuta karkara. Kuɗin kaɗan ne a takardar mutum ɗaya, amma idan aka tara na birni gaba ɗaya yakan zama abin magana. Wace unguwa za a fara kafa wa turaku da shi, wane titi za a haska, wannan shawarar gari ce. Kansilan da ya ce ba ruwansa da wuta ya manta da wannan layin, ko kuma yana so a manta da shi.

Ruwa: farashi ɗaya a takarda, farashi goma a unguwa

Tsarin ruwan birane ya samo asali ne daga gyaran 2001, lokacin da aka raba tsohon kamfanin ruwa na ƙasa gida biyu. SPEN, ta gwamnati, ta riƙe dukiyar: rijiyoyin burtsatse, manyan tankuna, bututai da bashin da aka gina su da shi. SEEN, wadda kamfanin Veolia na Faransa ke da kaso mafi tsoka a cikinta, ta riƙe aikin tacewa da rabawa da karɓar kuɗi. Kwangilar ta ƙare a ƙarshen 2023, kuma tun 1 ga Janairu 2024 kamfanin ƙasa na NDE ne ya karɓi aikin. Tambarin da ke saman takarda ya sauya, amma mai yanka farashi bai sauya ba: gwamnati ce, tare da hukumar sa ido ta ARSEau.

A jadawalin da aka daɗe ana aiki da shi, gidan da ke da fanfonsa yana biyan sefa 127 a kan kowace mita kub, wato lita 1.000, har zuwa mita kub 10 a wata. Daga 11 zuwa 40 farashin ya koma 321, abin da ya haura haka 515. Mai fanfon unguwa, wanda ke sayar wa jama'a, ana ba shi a kan 133.

Wasu kansiloli sun daɗe suna cewa da za a ba kowane gari ikon yanka farashin ruwansa da an fi samun adalci. Wannan ra'ayi yana da daɗin ji, amma mutumin Damagaram ya kamata ya yi tunani sau biyu kafin ya goya masa baya. Yamai tana zaune a bakin kogin Isa. Damagaram tana zaune a kan dutse, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Turawa suka ɗauke babban birni daga can zuwa Yamai a 1926. Ruwan da garin ke sha daga Gogo da Machaya, daga Arunguza, daga baya kuma daga Ganaram ake turo shi, tafiyar kilomitoci masu yawa a cikin bututu da ƙarfin inji. Kowace mita kub da ta iso Birni ko Zango ta ci kuɗi fiye da wadda ta iso Gamkalle. Farashin bai-ɗaya na ƙasa shi ke sa garuruwan da ruwansu ke da arha suna ɗauke wa masu tsada wani nauyi. Ranar da aka ce kowa ya biya gwargwadon abin da ruwansa ya ci, Damagaram ce za ta fara kuka.

To amma duk wannan lissafin masu kwantar ne. Ga lissafin wanda ba shi da ita. Mita kub ɗaya bido 40 ce mai lita 25. Mai fanfon unguwa ya sayi kowace bido a ƙasa da sefa 4. Idan ya sayar da ita dala biyar, mita kub ta tashi jika ɗaya cif. Matar da ke da fanfo a tsakar gida, idan gidanta ya sha mita kub 10, kuɗin ruwan sefa 1.270 ne, ban da hayar kwantar. Maƙwabciyarta ta bayan gari, idan ta ɗebi ruwa daidai wannan a bido-bido, jika 10 za ta biya, kafin a sa ladan ɗan ga-ruwa da ya turo kura, kafin kuma watan Afrilu da Mayu su zo farashi ya ninka. Rukunin rahusa da aka yi don talaka ya tsaya a gidan mai hali, talakan kuma yana biyan ninkin abin da ma'aikacin banki ke biya.

A nan ne amsar kansila ta fara rauni. Gaskiya ne ba shi ya rubuta 127 ba. Amma tambayar wa zai sha ruwan 127, wa zai sha na jika guda, amsarta tana da alaƙa da inda bututu ya tsaya, inda bututu ya tsaya kuwa yana da alaƙa da yadda aka yanka filaye. Yankan filaye kuma, har zuwa 2024, ta teburin majalisar gari yake bi.

Aljihun gari

Kafin a zo kan filayen, sai an fahimci abin da ya tura ma'aikatun magajin gari gare su. Nijar ta yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko da ya tsaya a ranar 24 ga Yuli 2004, bayan wanda aka soke a 1999. Dokar da ke tafiyar da su ita ce ta 17 ga Satumba 2010, wadda ta ba Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram matsayin birane na musamman, aka raba su da'ira-da'ira: biyar a Yamai, biyar a Damagaram, uku a Maraɗi, biyu a Tawa. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne da'irar ba ta da kasafin kuɗin kanta. Abin da babbar ma'aikatar birni ta yanko mata shi take juyawa. Saboda haka kansilan da'ira, wanda ya fi kowa kusa da jama'a, shi ya fi kowa nisa da kuɗi. Kansila kuma ba shi da albashi; ɗan alawus na zaman majalisa yake samu, zaman da doka ta tsara sau huɗu a shekara ban da na gaggawa.

Kuɗin gari ta hanyoyi kaɗan yake shigowa. Akwai wanda gari ke karɓa da hannunsa: lanhon kai, wanda ya kai sefa 1.500 ga baligi a birane, a ƙauyuka da yawa kuma 700. Tikitin kasuwa da na tasha. Kuɗin rumfuna, na mahauta, na kabu-kabu da tasi, na allunan talla, na sa hannu a takardu. Akwai wanda ma'aikatar haraji ta ƙasa ke karɓa, kamar patanti da harajin gine-gine, ya shiga baitulmali, daga baya a mayar wa gari kasonsa. Sai tallafin gwamnati ta hannun hukumar ANFICT, wadda aka kafa da dokar 2008 amma ta ɗauki shekaru kafin ta fara aiki. Ƙananan hukumomin jihohin da ake haƙar ma'adinai ko man fetur, kamar Agadas da Diffa, doka ta ba su kashi 15 cikin ɗari na wasu kuɗaɗen da gwamnati ke samu daga haƙar.

Babban kukan kansiloli a kan hanya ta biyu yake. Ɗan kasuwar Maraɗi ya biya patantinsa a kan lokaci, amma kason gari sai ya yi watanni a baitulmali, ya fito guntu-guntu, wani lokacin shekara ta ƙare bai fito duka ba. Majalisa ta zauna ta tsara kasafi a kan kuɗin da take bi, ta yi alkawarin kwalbati da ajujuwa, kuɗin bai zo ba. Abin da ya biyo baya kowa ya san shi: ma'aikatan gari da bashin albashi na watanni, motocin kwasar shara a fake babu gazuwal, ita kanta ma'aikatar magajin gari da bashin wuta da na ruwa a wuyanta. A watan Janairu 2016 gwamnati ta sa hannu a kan dokokin miƙa wa ƙananan hukumomi ayyukan ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Aikin ya sauko, kuɗin da ya kamata ya biyo shi bai sauko da saurinsa ba. A wannan kukan kansiloli suna da gaskiya mai yawa, kuma kowace jam'iyya ta yi shi lokacin da take adawa, ta manta da shi da ta hau mulki.

Kuka na biyu shi ne jama'a ba sa biyan lanho. Wannan ma haka ne, amma yana da tarihi. Lanho ya shigo ne da bulalar Turawan mulkin mallaka, ta hannun sarakuna da masu gari, kuma har yau masu unguwa da hakimai ne ke tara shi suna samun kasonsu. Da aka shiga siyasar jam'iyyu a farkon shekarun 1990, ƴan siyasa da kansu sun koya wa mutane cewa ƙin biya hanya ce ta nuna adawa, kuma babu magajin garin da ke son matsa wa masu ƙuri'a ana gab da zaɓe. Sannan ko da kowa ya biya, lissafin bai kai inda ake zato ba. Mutum 100.000 su biya 1.500 kowanne, miliyan 150 ke nan a shekara, abin da ba ya shimfiɗa kilomita ɗaya ta kwalta mai magudanan ruwa a cikin gari. Manyan titunan da aka gani a bukukuwan 18 ga Disamba, Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Damagaram Sabuwa a 2018, da kuɗin gwamnatin tsakiya aka yi su. An bar wa gari share su da gyaran fitilunsu.

Abin da kansiloli ba su cika ɗagawa ba shi ne ramin da ke cikin kuɗin da gari ke karɓa da hannunsa. Masu binciken cibiyar LASDEL ta Yamai, waɗanda suka bi ƙananan hukumomi da dama shekara da shekaru, sun nuna yadda aikin yankan tikitin kasuwa ya zama ladan siyasa: jam'iyyar da ta ci gari ita ke raba wa magoya bayanta littattafan tikiti, kuma wanda aka ba don ya yi wahala a kamfe ba a cika tambayarsa lissafi ba. Ƴar kasuwa ta biya dala goma ba a ba ta takarda ba, ko a karɓi rabi a yafe rabi. Haka ma ɗaukar ma'aikata: kowace sabuwar majalisa ta zo da nata mutane ta ɗora a kan na da. Doka ta ce a ware aƙalla kashi 45 cikin ɗari na kuɗin shiga na yau da kullum don ayyukan raya gari. A takardar kasafi ana rubuta hakan, domin in ba a rubuta ba prefe ko gwamna ba zai bari ta wuce ba. A ƙarshen shekara kuwa albashi da mai da tafiye-tafiye sun riga sun cinye abin da ya shigo.

Filaye

Garin da lanhonsa bai shigo ba, kasonsa ya maƙale a baitulmali, tikitinsa ya zube a hanya, abu ɗaya ya rage masa mai kawo kuɗi da yawa a lokaci guda: ya auna gonakin bakin gari, ya yanka su, ya sayar. Gwamnatin tsakiya ma ta taɓa bin wannan hanya a farkon shekarun 2000, lokacin da ta biya ma'aikatanta bashin albashi da filaye. Ƙananan hukumomi sun koyi darasin da kyau. An biya masu gonaki da filaye, an biya ƴan kwangila da filaye, an toshe bakin masu faɗa a ji da filaye, kuma ba sabon labari ba ne a ji fili ɗaya da takardu biyu.

A ƙa'ida, kuɗin sayar da fili na gyaran wurin ne: a fitar da tituna, a haƙa magudanai, a ja bututu da waya, a bar wurin makaranta da asibiti da kasuwa. Idan aka karkatar da kuɗin zuwa albashi, abin da mai saye ya samu shi ne duwatsu huɗu a cikin yashi da takarda. Ya yi gini ya tare da iyalinsa, sannan ya gano bututun ƙarshe yana nesa da shi, kuma kamfanin ruwa ba ya jan babban bututu don gida ɗaya sai mai gidan ya biya tsawon da aljihunsa. Daga ranar ya shiga layin masu bido. Wutar ma haka: ko ya jira turaku, ko ya ja siririyar waya daga gidan wani ya riƙa biyan abin da aka yanka masa. Damina kuma idan ta zo, kamar ta 2024 da ta yi ɓarna mai yawa a Maraɗi da Damagaram, unguwannin da aka yanka a kan hanyar ruwa su ne kan gaba wajen rushewa.

Kafin a rusa majalisu a 2024, ba a yanka fili a asirce daga kansiloli. Shawara ce da ake kawowa zauren majalisa a kaɗa mata ƙuri'a kafin ta tafi neman amincewar ma'aikatar da ke kula da tsara birane. Kansilan da ya ɗaga hannu aka yanka unguwa ba tare da ya tambayi ina kuɗin bututunta ba, ya sa hannu a farashin ruwan mutanen unguwar na shekaru masu zuwa, ko da bai taɓa ganin jadawalin SPEN ba. Akwai waɗanda suka yi wannan tambaya a zaurukan majalisu, aka rinjaye su. Akwai kuma waɗanda aka ba su nasu kason filayen suka yi shiru.

A karkara hannun kansila ya fi haka tsawo. Garuruwan da ba sa cikin tsarin SPEN, ƙaramar hukuma ce mai rijiyar da tankin, bisa dokar ruwa ta 2010. Ita ke ba ɗan kasuwa kwangilar tafiyar da su, kuma a cikin kwangilar ake rubuta farashin mita kub da kason da za a ajiye don sauya inji ko faranti idan sun lalace. Farashin ƙauye ya ninka na rukunin rahusa na birni sau da yawa. Inda aka ci kuɗin ajiyar, ranar da injin ya tsaya mata sun koma rijiya da guga.

Bayan rusa majalisu

Ba a 2024 aka fara tsige zaɓaɓɓu ba. Doka ta ba gwamnati ikon sauke magajin gari, kuma an yi amfani da ikon sosai: an sauke Oumarou Dogari daga kujerar Yamai a 2013, an sauke Assane Seydou a 2017, aka rusa majalisar birnin aka naɗa wakilan gwamnati. Bambancin 2024 shi ne an yi wa ƙasar gaba ɗaya a rana ɗaya, kuma da yawa daga cikin kantomomin sojoji ne ko jami'an tsaro, kamar Kanar Boubacar Soumana Garanké da aka ba Yamai.

Masu goyon bayan matakin suna cewa kantoma ba ya bin kowa bashin ƙuri'a, don haka yana iya karɓar haraji, ya rushe rumfar da aka kafa a kan kwalbati, ya kori mai tikitin da ba ya kawo kuɗi, ba tare da tsoron jam'iyya ba. Akwai gaskiya a ciki, kuma mutane da yawa ba su yi kukan rabuwa da majalisun da suka sani da rigimar tsige magajin gari da rabon filaye ba. Tsofaffin kansiloli kuma suna cewa duk lalacewar majalisa, zaure ne da ake karanta kasafi a fili, ɗan adawa ya yi tambaya, sarakuna da ƴan majalisar dokoki na yankin su ba da shawara ko da ba su da ƙuri'a. Dokar 2010 ta ce zaman majalisa a buɗe yake ga jama'a, kuma ɗan gari yana da damar neman ganin kasafi da lissafin ƙarshen shekara. Mutane kaɗan ne suka taɓa amfani da wannan dama, kujerun ƴan kallo yawanci a wofi suke. Yanzu mai tsara kasafin da mai amincewa da shi a matakin gari mutum ɗaya ne, wanda ke ba da lissafi ga waɗanda suka naɗa shi.

Ta fuskar farashi, sauyin bai taɓa komai ba. Ragin kuɗin mai na watan Yuli 2024, da ya mayar da litar esansi sefa 499, da ragin kuɗin asibiti da na siminti da suka biyo baya, duk daga fadar shugaban ƙasa suka fito, kuma ko da majalisu na nan daga can za su fito. Kuɗin kilowat da na mita kub ma haka. Abin da ya koma hannun kantoma shi ne ragowar: littafin tikiti, kason TSE, kwangilar mai tankin ƙauye, da taswirar filayen da za a yanka a bakin gari. Kundin tsarin da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ba mahukuntan yanzu wa'adin shekara biyar, wanda ana iya sake duba shi, kuma a cikin wannan wa'adi Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai za su ci gaba da faɗaɗa. Unguwannin da za a yanka a waɗannan shekaru, sa hannun kantoma ne zai kasance a kan takardunsu.